Yadda na gyara ruɗanin lissafin ruwan bashi

Matasan 'yan kasuwar Maradi da nake koyarwa suna jin "kashi 2 cikin ɗari a wata", sai su ce da sauƙi. Ba sa tambayar a kan me ake lissafa shi.

Sai na sa su zana jadawali a allo: bashin jika 500, biya cikin wata 12. In ruwan yana kan ainihin kuɗin, jika 10 ne kowane wata, jimla 120. In yana kan abin da ya saura bayan biyan kowane wata, jimla jika 65 ne kacal. Kafin sa hannu, dole a nemi jadawalin biya a rubuce, har da kuɗin buɗe dosiye. Masu saro kaya daga Kano kuwa, su rubuta canjin naira na ranar.