Yadda ake kawo tarwaɗa da ranta daga Tabalak zuwa Tahoua

Duk mai son zuba tarwaɗa a baho ko a ƙaramin tafkin siminti na gida, ko mai son sayar da ita da daraja a kasuwa, dole ya kawo ta tana motsi. Daga tafkin Tabalak zuwa Tahoua kusan kilomita 50 ne a kan hanyar Agadez, tafiyar da ba ta kai a yi asara ba. Duk da haka sabon shiga yakan sauke kayansa ya tarar rabi sun juya ciki sama, sai ya ɗora laifin kan rana ko kan masunci. Galibi yawan ruwan da ya zuba ne ya kashe su.

Tarwaɗa tana shaƙar iska. A cikin kanta, sama da jajayen sassan nan da kifi ke numfashi da su a ruwa, akwai wata tsoka mai rassa kamar ƙaramar bishiya, da ita take karɓar iskar da ta haɗiya idan ta leƙo sama. Shi ya sa take daɗewa a ƙasa muddin fatarta da danshi, har takan ja ciki da dare daga wannan kududdufi zuwa wancan tana dogarawa da ƙayoyin gefenta. Gaiwa ma ta fi ta: tana da huhu na sosai, idan tafki ya ƙafe sai ta shige laka ta lulluɓe kanta da yauƙin jikinta, ta yi watanni har damina ta dawo. Karfasa da giwan ruwa ba su da wannan baiwa, kada ka gwada wannan hanya da su.

Fara da zaɓe. Nemi wadda aka kama da gura, wato tarkon da kifi ke shiga ya kasa fita, ka bar wadda ta haɗiye ƙugiya ko ta kwana a sarƙe cikin raga, don mai rauni ba ta jure tafiya. Raba manya da ƙanana tun a bakin ruwa, babbar tarwaɗa tana haɗiye ƙaramarta. In daga wurin mai kiwo za ka saya, gaya masa ya daina ba su abinci yini guda kafin ka zo. Kifin da ya ƙoshi yana amai da kashi a cikin mazubi, ruwan ya lalace tun ba ka yi nisa ba.

Yanzu mazubi, kuma nan ne nake so ka tsaya. Samo bidon mai lita 25 ka yanke samansa ya zama buɗaɗɗe. Wanda aka taɓa zuba man fetur ko maganin ƙwari a ciki, ko an wanke shi sau nawa, ban yarda da shi ba. Na man girki da aka wanke sosai ya fi, kuma ba shi da tsada. Zuba ruwan tafkin da kifin ya fito, daidai ya rufe bayansu da kamar yatsu huɗu. Iyakarsa ke nan. Sau da yawa nakan ga mutum ya cika bidon har wuya, ya murɗe murfi don kada ruwa ya zube masa a moto, yana ganin gata ya yi wa kifin. Iskar da ke cikin ruwan nan ba ta daɗewa take ƙarewa, musamman da ɗumi, kifin ya taso neman iska ya ci karo da murfi. Idan kuma ruwan da zurfi, kowane rami a hanya yana jifa da su jikin roba, su gaji, su soki juna da ƙaya. Ruwa kaɗan da fili a sama shi ne maganin duka biyun. Kada kuma ka jibge su har na ƙasa su kasa ɗago kai. In sun yi yawa ƙara bidon na biyu, kuɗinsa bai kai na kifin da za ka rasa ba.

Rufe bakin da jiƙaƙƙen buhun algarara ka ɗaure da igiya. Iska na shiga, rana ba ta dukan su, ba sa tsalle su fita, danshin buhun kuma yana rage zafi. Leda ba ta yi, toshewa take.

Tashi da an sallame asuba. A watannin Afrilu da Mayu zafin Tahoua yana wuce digiri 40, ruwa kaɗan kuwa saurin ɗumi gare shi, don haka tafiyar hantsi ba taka ba ce. Kada ka jefa ƙanƙara a ciki, sanyi na farat ɗaya yana kayar da su. Riƙe wani bidon na ruwan tafki daban. A tsakiyar hanya tsaya a inuwa ka buɗe: in kumfa ta taru ko wari ya tashi, zubar da rabi ka ƙara sabo, ka sake jiƙa buhun.

Da ka iso gida, riƙa zuba ruwan gidan kaɗan-kaɗan cikin bidon kafin ka juye su. In na famfo ne ya kasance ya kwana a buɗe, saboda maganin da ake sa masa. Fitar da duk wadda ta mutu nan take, abinci sai gobe, sannan ka rufe bahon da raga ka danne gefuna da dutse, in ba haka ba da safe a tsakar gida za ka tsince su.