Shekara Nawa Mota Za Ta Yi a Hannunka a Maraɗi?

Mota ba a auna tsufanta da shekara kaɗai, da kilomita ake aunawa. Ƙaramar mota mai shan fetur, irin su Corolla, in ta samu kulawa tana cin kilomita 300,000 ba a buɗe injinta ba, wasu ma su wuce haka. Masu shan gazuwal irin su Hilux da Land Cruiser sukan haura 500,000. A Amurka an yi wani malamin makaranta, Irv Gordon, da ya tuƙa Volvo ƙirar 1966 fiye da mil miliyan uku, amma kada ka ɗora lissafinka a kan nasa.

Ga yadda za ka yi naka. In ka sayi mota tana da kilomita 180,000, kana yin kamar 15,000 a shekara tsakanin gida, kasuwa da zuwa ƙauye, to kana da shekara takwas kafin ta kai 300,000. Motar haya kuwa da ke Maraɗi zuwa Yamai, tafiyar kilomita 660 ko kusa da haka, in tana zuwa da dawowa sau biyu a mako, ta haura 100,000 a shekara guda. Ita shekara uku ma tsufa ne.

Sai dai yawancin motocin da ke shigowa nan sun riga sun yi rayuwa a Turai ko Amurka kafin a sauke su a tashar jirgin ruwa irin ta Lome, kuma mayar da agogon kilomita baya ba abu ne mai wuya ba. Kada ka yarda da lamba ita kaɗai. Dubi robar da ke kan abin taka birki da na kuloci, dubi sitiyari da gefen kujerar direba: motar da aka ce 90,000 ta yi amma robar birkinta ta suɗe har ƙarfe ya fito, ƙarya ake yi maka. In ta Amurka ce, lambar mil ce, sai ka ninka da 1.6. Ka kuma sa a ɗaga ta ka leƙa ƙarƙashi. Busasshiyar iskarmu ba ta cin ƙarfe, amma motar da ta fito daga ƙasar ƙanƙara, inda ake zuba gishiri a titi, takan zo da tsatsarta a shasi.

Da ta shigo hannunka, ɗauka cewa ba a taɓa yi mata komai ba. Juye baƙin mai, canja filtar mai, ta iska da ta fetur, zubar da ruwan lagireto ka sa sabo, ka rubuta ranar da kilomitar a ɗan littafi ka ajiye cikin motar. Daga nan ƙidayarka ta fara.

Littafin mota zai iya cewa a yi bidanji, wato juye baƙin mai, bayan kilomita 10,000 ko 15,000. Wannan na masu titi mai tsabta da iska mai sanyi ne. A nan, da ƙurar hunturu da zafin Afirilu da Mayu da ke haura digiri 40, yi shi duk 5,000, ko duk wata shida in ba ka cika tafiya ba, kuma kowane juye da sabuwar filta. Ƙaramin inji mai silinda huɗu yana cin kusan lita huɗu. Kaurin man kuwa, bi abin da aka rubuta a littafi ko a kan murfin zuba mai. Akwai al'adar ɗura wa kowace mota 20W-50 wai don zafin gari. Tsohon inji mai shan mai zai iya jure shi, amma injin zamani da aka yi don 5W-30 hanyoyin mansa ƙanana ne, mai kauri ba ya isa sama da wuri lokacin tayarwa, nan ne ƙarfe ke gogar ƙarfe. Man da ake aunawa daga buɗaɗɗen duro a bakin hanya, bar shi, araha ba ta ado. Duk mako, da safe kafin ka tayar, a wuri mai daidai, zaro sandar awo ka goge ka mayar ka sake zarowa. In fitilar baƙin mai ta kama kana tafiya, tsaya nan take ka kashe inji, ko da gareji na gabanka kaɗan.

Filtar iska ita ce ke tsakanin injinka da rairayi. Ƙurar da ta tsallake ta takan haɗu da mai ta riƙa cin zobban fistin da bangon silinda, sai ka ga mota ta fara hayaƙi mai shuɗi tana shan mai. Duba ta a kowane bidanji, ka canja tsakanin 10,000 da 15,000, ko kafin haka in kana bin hanyoyin jar ƙasa zuwa ƙauyukan Dakwaro da Mayahi. Yaran gareji sukan busa ta da iskar kwamfiresa mai ƙarfi. Hakan na yaga takardar ta inda ido ba ya gani. Kakkaɓe ta a hankali ya isa. Ka tabbata murfin akwatinta ya rufu da dukkan maƙallansa, bututun kuma bai tsage ba.

Abin da ya fi kashe inji farat ɗaya shi ne zafi, kuma a nan ne ake yawan ganganci. Ruwan rijiya da na famfo suna barin farin dutse da tsatsa a cikin lagireto har ƙananan bututunsa su toshe. Sa ruwan sanyaya inji na kanti, mai launi, ka canja shi duk shekara biyu. Murfin lagireto ba marufi ba ne kawai: yana riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa sai ya kai wajen digiri 120, don haka in robarsa ta mutu, canja shi. Wasu masu gyara da zarar mota ta shigo ƙasa sai su cire tamostat, wato ɗan abin da ke buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto in inji ya ɗau zafi, su jefar, su haɗa fanka kai tsaye, wai ba a buƙatarsa a ƙasar zafi. Ba mu goyi bayan wannan ba. Inji zai daɗe bai kai zafin aikinsa ba, ya sha fetur da yawa, mai ya gurɓace da wuri, ainihin matsalar kuwa, ko toshewar lagireto ce ko famfon ruwa, tana nan ba a taɓa ta ba. In tamostat ya maƙale, sabo ake sa wa.

Allurar zafi ta tashi kana hanya? Kashe na'urar sanyi, ka sauka gefe, ka kashe inji. Kada ka buɗe murfin lagireto sai ya huce, aƙalla rabin awa, kada kuma ka kwara masa ruwan sanyi, don kan injin yawancin motocin yanzu alminiyam ne, yana lanƙwashewa. Wanda ya ce bari ya lallaɓa ya kai Tasawa, shi ne ke ƙona gaskit, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa. Alamominta: baƙin mai ya koma kamar shayi da madara, farin hayaƙi daga salansa, ruwa na raguwa ba a ga inda yake zuba ba.

Tambayi mai gyaranka ko injinka bel ne ke daidaita bawul da fistin ko sarƙa. Corolla masu injin VVT-i sarƙa gare su, muddin mai na da tsabta tana daɗewa. Mai bel kuwa a canja bel ɗin wajen kilomita 90,000 zuwa 100,000, ko shekara biyar, tare da famfon ruwa in bel ɗin ke juya shi. Ba ya gargaɗi kafin ya tsinke, kuma a injina da yawa tsinkewarsa na sa fistin ya daki bawul.

Fetur ɗin kwalba na ƴan ruwa-ruwa, in dole ta sa, a tace shi da ƙyalle mai tsabta, a kuma riƙa canja filta da wuri. Kada ka bar tanki ya sauka ƙasa da kwata, domin famfon da ke cikinsa da fetur ɗin yake hucewa. Mai gazuwal ya riƙa tsiyaye ruwan da ke taruwa a gindin filta. Man giyar otomatik a canja tsakanin 40,000 da 60,000. In ya yi baƙi yana ƙauri, an makara. Man birki duk shekara biyu. Batir a zafin nan in ya yi shekara biyu zuwa uku ya yi ƙoƙari. Taya kuwa, nemi lambobi huɗu a gefenta: 2319 na nufin an ƙera ta a mako na 23 na 2019. Wadda ta haura shekara shida, ko zanenta na nan, kada ka hau kwalta da ita da tsakar rana.

Ƙarƙashin mota lodi ne ke cinye shi. Buhunan gero a but da mutum bakwai a ciki suna karya sifirin, su kashe shokozoba da kuloci. Robar da ke rufe gaɓar ƙafar gaba in ta yage, canja ta a makon. In rairayi ya shiga, sai ka ji ƙas-ƙas duk lokacin da ka karya kwana, gaɓar ce gaba ɗaya za ka saya. Da damina kada ka kutsa ruwan da ya haura tsakiyar taya, inji in ya zuƙi ruwa sandunan fistin ne ke lanƙwashewa.

Inji ya gaji ba shi ne mota ta ƙare ba. Sa a auna matsin kowace silinda. In bambancinsu bai wuce kashi 10 cikin 100 ba, da sauransa. In ma ya gaji, ana canja zobba ko a ɗora wani injin, musamman Toyota da kayanta ke samuwa a nan da Katsina da Kano. Wadda za ka rabu da ita ita ce mai shasin da ya karkace ko tsatsa ta cinye, da wadda wayoyinta suka sha yanka da ɗauri har ba mai gane kansu, da wadda duk ƙaramin abin da ya lalace sai an jira shi daga waje.