Yadda Ake Saka Bututun Sanyaya Birkin Gaba a Motar Tsere

Aikin birki shi ne mayar da ƙarfin gudun mota ya zama zafi, kuma wannan zafin yana ƙaruwa fiye da yadda gudun ke ƙaruwa, domin idan gudu ya ninka sau 2, zafin da birki zai sha wajen tsayar da motar zai ninka sau 4. Da yake nauyin mota yana komawa gaba a duk lokacin da aka taka birki, ƙafafun gaba ne ke ɗaukar mafi yawan wahalar. A kan titi birki yana samun hutu tsakanin takawa da takawa, amma a filin tsere kafin faifai, wato ƙarfen da ke juyawa da taya wanda birki ke matsewa, ya huce an sake isowa wata kwanar, don haka zafi yake ta taruwa har birkin ya fara gazawa.

Kafin a sayi komai, ya kamata mai mota ya gane irin gazawar da yake fama da ita. Idan feda tana da tauri amma mota ba ta tsayawa yadda ya kamata, takalman birki ne suka wuce zafin da aka yi su dominsa. Idan kuwa feda ta yi laushi tana nutsewa, man birki ne ya tafasa, tururinsa ya cika layi. Sabon man birki mai lambar DOT 4 ba ya tafasa ƙasa da digiri 230 a ma'aunin salshiyas, amma idan ya tsufa ya sha danshi, wannan iyakar tana iya saukowa zuwa wajen 155. Saboda haka a fara da sauya mai da saka takalman da suka dace da tsere, domin bututun iska, wanda ke kawo iska daga gaban mota zuwa birki, ba zai gyara tsohon mai ba.

Abin da ya fi kowane muhimmanci a aikin nan shi ne inda iskar za ta sauka. Faifan birkin gaba fuska biyu gare shi, da ramuka a tsakaninsu, kuma idan yana juyawa yana zuƙo iska daga tsakiyarsa ya watsa ta waje ta bakinsa, kamar yadda fanka take yi. Don haka tsakiyar faifan ta ciki, kusa da boris, nan ne za a kai iskar, ta ratsa ramukan ta sanyaya fuskokin biyu daidai wa daida. Masu auna bakin bututu a kan fuskar faifai ta ciki suna jawo wa kansu asara, domin gefe ɗaya zai huce ya bar ɗayan da zafi, ƙarfen ya lanƙwashe ko ya fara tsagewa. A ganina gara mutum ya bar motarsa yadda take da ya yi wannan kuskuren.

Kayan aikin ba su da yawa: mazurarin iska biyu na bamba, faranti biyu masu bakin bututu da za su zauna a bayan faifai, tiyo mai waya a cikinsa, kilif na ƙarfe, igiyoyin ɗauri na roba da kuma raga. Faɗin tiyon da aka fi amfani da shi inci 2.5 ne ko inci 3, kuma mafi faɗin ya fi kawo iska matuƙar akwai wurin da zai bi. A zaɓi na silikon, aƙalla a ɓangaren da ke kusa da faifai, domin roba ta gama-gari ba ta jure zafin wurin.

A ɗaga motar a wuri mai daidaito, a ɗora ta a kan madogarar ƙarfe, kada a dogara da jak kaɗai, sannan a cire tayoyin gaba. A kwance kalifa, wato ƙarfen da ke rungume da faifai, a rataye shi da waya a jikin sifirin, kada a bar shi yana lilo a kan tiyon man birki. Bayan an zare faifai za a ga farantin kare ƙura. Shi ne za a cire a maye gurbinsa da sabon. A wasu motoci sai an cire cibiyar ƙafa kafin ya fita. Tsohon farantin yana kare robobin mahaɗan sitiyari daga zafin faifai, saboda haka idan sabon bai rufe su ba, a naɗe su da abin kare zafi. A mayar da faifai a juya shi da hannu, a tabbata ratar da ke tsakaninsa da faranti ƙanƙanuwa ce amma ba sa gogar juna.

Mashigar iska tana son fuskar bamba da ke kallon gaba sosai, inda iska ke bugawa da ƙarfi, kuma gurbin fitilar hazo yakan wadatar. Kada a tare wa lagireto hanyar iskarsa. A sa raga a bakin mazurarin don tsakuwa da ganye.

Bi da tiyo daga bamba zuwa faranti shi ne wurin da ake ɓata lokaci, kuma ya cancanci a ɓata. Hanyar ta zama gajeriya, ba tare da lanƙwasa mai tsanani ba, domin kowace kwana tana rage iska. A ɗaure shi a jikin firam, amma a bar masa sassauci a ƙarshensa, tunda farantin yana bin ƙafa idan an murɗa sitiyari. Daga nan a murɗa sitiyari har ƙarshe hagu da dama, a sa jak a ƙarƙashin hannun ƙafa a ɗaga shi kamar mota ta danne a kwana, a duba ko tiyon yana taɓa taya, ko shafti, ko layin birki, ko wayar ABS, wato na'urar da ke hana taya ƙamewa idan an taka birki. A maimaita gwajin bayan an mayar da taya an sauke mota ƙasa. Taya tana cinye tiyo cikin ɗan lokaci, kuma wayar cikinsa idan ta warware tana iya nannaɗe abin da ke kusa. A ɗaure notocin kalifa da na taya da sifana mai awo bisa ƙa'idar kamfanin motar, kuma a danna feda sau da dama har ta yi tauri kafin a motsa.

A fara gwaji da ƙaramin gudu ana sauraren ƙarar guga, sannan a shiga fili. Fentin da ke sauya launi da zafi, idan aka shafa shi a bakin faifai, yana nuna iyakar zafin da aka kai, kuma a gwada hagu da dama, domin bambanci mai yawa yana iya nuna tiyo ɗaya ya toshe ko ya cire. Takalman tsere ba sa kamawa sosai sai sun yi zafi, don haka a ranar sanyi ko ruwan sama a rufe wani ɓangare na mashigar da tef, daidai a ɓangarorin biyu, kuma a riƙa duba kilif da jikin tiyon bayan kowace fita.