Kurakuran da masu ba da shawara kan jari suka fi yi da ilimin halayyar mutane

Wanda ya fara karatun yadda zuciya ke juya mai zuba jari yakan soma da haddace sunaye: tsoron asara, ji da kai, bin yarima a sha kiɗa, manne wa farashin da aka fara ji. Daga nan sai ya zauna gaban abokin hulɗarsa yana jiran ya ga wanne zai fito, ya laƙaba masa. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa, kuma daga gare shi sauran suke tsirowa.

Mutumin da ya kira ka hankali tashe yana son sayar da komai saboda kasuwa ta faɗi, idan ka ce masa "tsoron asara ne ke damun ka", ba abin da ka ƙara masa sai haushi. Sanin sunan cuta ba ya warkar da ita. Daniel Kahneman, wanda ya samu kyautar Nobel a 2002 kan wannan fanni, ya sha faɗin cewa shekarun da ya kwashe yana nazari ba su gyara nasa tunanin sosai ba. Abin da ke aiki shi ne tsari. A 2001 Brigitte Madrian da Dennis Shea sun duba wani kamfani a Amurka da ya daina jiran ma'aikata su nemi shiga asusun fansho, ya koma saka su kai tsaye sai wanda ya ce ba ya so. Masu shiga suka tashi daga kashi 49 cikin ɗari zuwa 86, ba tare da an yi wa kowa wa'azi ba. Saboda haka ku rubuta yarjejeniya tun kasuwa na kwance: kason da zai tafi hannun jari, lokacin da za a daidaita rabon, da kwanakin da za a jira kafin a zartar da duk umarnin sayarwa na gaggawa. Ranar tashin hankali, takardar da ya sa wa hannu da kansa za ka karanta masa.

Kuskure na biyu ya fi ciwo. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mai ba da shawara yakan ɗauka cewa karatun ya shafi abokan hulɗa ne kawai. Binciken da Juhani Linnainmaa da Brian Melzer da Alessandro Previtero suka wallafa a 2021 ya leƙa asusun masu ba da shawara na Kanada, aka tarar da kuɗinsu na kansu ma haka suke yi: yawan saye da sayarwa, bin asusun da ya yi riba bara, da fifita masu tsadar caji. Ke nan da yawansu ba cuta suke yi ba, sun yarda da abin da suke faɗa ne, wanda a ganina ya fi wuyar magani. A wani binciken na 2012, Sendhil Mullainathan da abokan aikinsa sun tura mutane ofisoshin masu ba da shawara a matsayin masu neman taimako, sai aka ga sau da yawa ana ƙarfafa wa mutum kuskurensa idan kuskuren zai kawo kamasho. Gyaran ba shi da armashi amma yana aiki: ka riƙa rubuta dalilin kowace shawara da ranar da ka ba da ita, ka koma ka karanta bayan shekara. Idan ba a rubuce take ba, ƙwaƙwalwa za ta ce maka ai dama ka san haka za ta faru.

Sai takardar tambayoyin nan ta auna juriyar kasada. Ana cike ta a ofis mai sanyi, kasuwa na hawa, an tambayi mutum ko zai jure faɗuwar kashi 30 cikin ɗari, ya ce ƙwarai. Ba ƙarya ya yi ba, kashi ne ba ya taɓa zuciya. Kahneman da Amos Tversky sun nuna tun 1979 cewa zafin asara ya fi daɗin riba mai girma ɗaya, daga baya suka kimanta bambancin da kusan ninki biyu. Ka yi tambayar da adadin kuɗi: "Miliyan goma ɗin nan taka, idan ta koma shida da rabi cikin mako biyar, me za ka yi?" Ba tatsuniya ba ce. Ma'aunin S&P 500, mai bin farashin hannun jarin manyan kamfanonin Amurka, ya faɗi da kusan kashi 34 tsakanin 19 ga Fabrairu da 23 ga Maris na 2020, kuma kafin ƙarshen Agusta ya zarce inda yake. Wanda ya sayar a Maris ya kwashi asarar, farfaɗowar ta wuce shi. Mafi kyau ma ka tambaye shi abin da ya aikata a faɗuwar da ta gabata, domin aikin jiya ya fi alƙawarin gobe nauyi.

Akwai kuma masu ganin duk wanda ya ƙi shawararsu son zuciya ne ya rufe masa ido. Mai yiwuwa aikinsa ne ke rawa, ko akwai bashin da bai faɗa ba, ko aƙidarsa ta hana shi wani nau'in jari. Ka tambaya kafin ka yanke hukunci. Ko raba kuɗi gida-gida da mutane ke yi a zuci, wannan na karatun yara, wancan na tsufa, wanda Richard Thaler ya yi dogon nazari a kansa, ba lallai a yaƙe shi ba. Wanda ya san kuɗin buƙatunsa na shekara biyu na gefe guda ya fi iya barin sauran su kwana a kasuwa.

Wasu kuma kirki ne ke kai su ga kuskure: rahoto kowane mako, saƙo duk sanda farashi ya motsa. Shlomo Benartzi da Thaler sun yi bayani a 1995 cewa gwargwadon yawan leƙa jari, gwargwadon yawan asarar da ido zai gani, sai mutum ya tsorata da abin da zai amfane shi nan gaba. Motsin da ke biyo baya ma akwai tsada. Brad Barber da Terrance Odean sun bi asusun gidaje sama da 66,000 daga 1991 zuwa 1996, waɗanda suka fi yawan saye da sayarwa suka samu ribar kashi 11.4 a shekara, kasuwar kuwa ta ba da 17.9. Ka rage yawan rahoto, kuma shafin farko ya nuna nisan da ya rage a kai ga burin da aka sa a gaba. Farashin da aka sayi hannun jari kuwa a mayar da shi shafin baya, domin shi ke sa mutum riƙe wanda ya faɗi yana jiran ya mayar da uwar kuɗi, ya kuma yi saurin sayar da mai riba. Tambaya ɗaya takan warware wannan: "Da a ce kuɗi ne a hannunka yau, za ka saye shi?"

Binciken da ka karanta ma kada ka mayar da shi aya. Akasarinsa a Amurka aka yi, matsakaicin dubban mutane yake nunawa, kuma wasu sanannun gwaje-gwajen ilimin halayya sun gaza da aka sake su.

Inda ya fi haɗari shi ne mayar da ilimin dabarar talla. Ka fara ambatar babban adadi don na biyu ya yi kamar araha, ko ka ce dama za ta wuce yau, ko ka faɗi caji a matsayin "kashi ɗaya kacal" alhali cikin shekara talatin yana iya cinye kusan kwata na abin da jarin zai tara. Kafin ka yi amfani da kowace dabara, tambayi kanka ko za ka iya gaya wa abokin hulɗar a fili abin da ka yi da dalilinsa. Idan ba za ka iya ba, bar ta, ka faɗi cajin da adadin kuɗi kamar yadda ka faɗi asarar.