Darasi na 7: Nemo wa Lakwal da Matasa Tallafi

Tallafi kuɗi ne ko kaya da ake ba lakwal ko ƙungiyar matasa don a yi wani aiki da aka ambata da suna. Ba a mayar da shi kamar bashi, amma yana da sharaɗi: a yi aikin da aka ce za a yi, sannan a nuna lissafin kowace dala. Garuruwa da yawa a jihar Maradi suna rasa tallafi ne saboda takardunsu ba su cika ba, ko sun kai su bayan an rufe karɓa, alhali buƙatarsu ta gaskiya ce.

Wa ke nema?

Mutum ɗaya ba ya nema da sunansa, ko da darakta ne, ko mai gari. A lakwal ɗin firamare, kwamitin kula da lakwal da aka fi sani da COGES ne ke nema, wanda yanzu a takardun hukuma ake rubuta shi CGDES. A cikinsa akwai wakilan iyaye, da wakiliyar ƙungiyar iyaye mata, da malami, da darakta, da wakilin ɗalibai. Wannan tsari ya yi ƙarfi ne da wani shiri da hukumar JICA ta ƙasar Japan ta tallafa, wanda ya soma a jihar Tahoua a 2004, aka yaɗa shi a faɗin Nijar a 2007. Ginshiƙinsa biyu ne: a zaɓi shugabanni ta ƙuri'ar sirri, kuma kowace shekara a tsara ayyukan lakwal a gaban taron gari. Kwamitin da aka naɗa a zaure ba tare da zaɓe ba, ko wanda ya shekara biyu bai zauna ba, da wuya ya tsallake tambayar farko ta mai ba da tallafi.

Ƙungiyar matasa kuwa sai tana da takardar amincewa daga hukuma, da dokokinta a rubuce, da sunayen shugabanninta. Fada da ake shan shayi, komai yawan ƴaƴanta, ba a ba ta kuɗin aiki sai ta yi waɗannan takardu.

Ina ake samu?

Ƙofar farko ita ce ma'aikatar magajin gari. Kowace komin tana da kundin tsarin raya ƙasa da ake kira PDC, kuma daga cikinsa ake ɗebo ayyukan kowace shekara. Kasafin komin yana somawa a watan Janairu, ana shirya shi a watannin ƙarshen shekara. Don haka ku kai buƙatarku da zarar an koma lakwal a Oktoba. Wanda ya kai a watan Maris, sai dai ya jira baɗi. Akwai kuma hukumar ANFICT da ke zuba wa kominoni kuɗin ayyuka, amma ta hannun komin take bi. Abin da ya kamata ku tambaya shi ne: shin lakwal ɗinmu yana cikin kundin?

Ƙofa ta biyu ofishin sufeton makarantu. Manyan masu tallafi irin su UNICEF, da PAM mai kula da ciyar da ɗalibai, ba su cika zaɓar lakwal daga wasiƙar da aka aiko musu kai tsaye ba. Suna aiki da jerin sunaye da alƙaluman da ma'aikatar ilimi ta ba su. Idan darakta bai aika da adadin yara daidai a farkon shekara ba, lakwal ɗinku ya faɗi tun kafin a soma zaɓe. Tun 2023 wasu masu tallafi na ƙasashen waje sun dakata ko sun rage aiki, saboda haka ku tambayi sufeto waɗanda ke aiki a yankinku bana, kada ku dogara da tsohon allon da ke bakin hanya.

Ga yaran da ba su shiga lakwal ba ko suka fita, akwai azuzuwan gaggawa na wata 9, inda ake soma karatu da harshen gida kafin a shiga Faransanci, daga nan yaro ya koma firamare. Ga samari da ƴan mata masu son sana'a, asusun FAFPA ne ke tallafa wa horo irin su ɗinki, walda, gyaran babur da sarrafa amfanin gona, kuma akwai cibiyoyin koyon sana'a na CFM a kominoni.

Kada a manta da gida. Alhazan birni, da ƴan gari da ke ci-rani, da ƙungiyoyin ajiya da lamuni na Mata Masu Dubara, waɗanda asalinsu daga nan jihar Maradi ne tun 1991, sun sha rufa wa makarantu asiri. Su ma a rubuta musu takarda, a ba su lissafi kamar kowa.

Buƙata ɗaya, a ƙirge

"Lakwal ɗinmu ba shi da komai" kuka ne, ba a iya ɗora masa farashi. Ku ɗauki kaye ku zaga. Yara nawa ne, maza nawa, mata nawa? Aji nawa na siminti, nawa na laka, nawa na zana? Yara nawa ke zaune a ƙasa? Akwai makewayi, kuma na mata daban ne? Tafiyar minti nawa ce zuwa ruwa? Ku karanta wannan a taron gari, maza da mata, a zaɓi abu ɗaya ko biyu. Sakatare ya rubuta rana, da abin da aka yanke, mahalarta su sa hannu ko su dangwala yatsa. Wannan takarda ta fi doguwar wasiƙa nauyi.

Idan kuna da ajin zana mai ƙananan yara, ra'ayinmu shi ne ku sa shi gaba da komai. Mutanen Maradi ba su manta da gobarar watan Nuwamba na 2021 ba, wadda ta cinye azuzuwan kara ta kashe yara fiye da 20. Allah ya jiƙansu.

Takardun da ake haɗawa

Kowane mai tallafi da nasa tsari, kuma idan ya ba da takardar cikewa, ita za a cika, kada a sauya ta. Amma galibi za a nemi wasiƙar neman tallafi mai shafi ɗaya, da takardar taron gari, da sunayen ƴan kwamiti, da alƙaluman yara da sa hannun darakta, da kasafin aikin, da takardun farashi daga ƴan kasuwa ko masu sana'a, sau da yawa guda 3 daga mutane daban-daban. Idan gini ne, sai an nuna cewa filin na lakwal ne. Gonar da wani dattijo ya bayar da baki tana iya zama rigima bayan rasuwarsa, don haka a rubuta kyautar da shaidu a gaban mai gari, a kai hukumar filaye ta tabbatar. Ku yi kwafi biyu na komai. Ranar da kuka kai, a buga muku hatimi da kwanan wata a kan naku.

Kasafi: inda aka fi faɗuwa

Mu a kasuwa da dala muke ƙirga, takarda kuwa da sefa take ƙirga. Dala ɗaya sefa 5 ce. Jikka ɗaya dala 200 ce, wato sefa 1.000. A nan kuskure yake shigowa. Kafinta ya ce tebur ɗaya "dubu biyar", yana nufin dala dubu biyar, wato jikka 25. Sakatare ya ji, ya rubuta 5.000. A tebur 20, ya nemi sefa 100.000 ke nan maimakon 500.000. Kuɗin ya zo, ya sayi tebur 4 kawai, mutanen gari su soma zargin ma'aji, alhali bai taɓa ko dala ba. Maganinsa shi ne kowane farashi a faɗe shi da jikka, a rubuta shi da sefa, mutum na biyu ya sake karantawa da ƙarfi.

Ga misali. Farashin na koyon lissafi ne, ku tambayi na kasuwarku. A ce yara 60 ne a ƙasa, tebur mai benci ɗaya yana ɗaukar 3, ana buƙatar 20.

Tebur 20, kowane 25.000: 500.000
Ɗauko su zuwa gari: 30.000
Gyaran ƙofa 2, kowace 20.000: 40.000
Jimla: 570.000
Gudummawar gari: 57.000
Abin da ake nema: 513.000

Ku lura da layin ɗauko kaya. Shi aka fi mantawa, kuma garin da ke cikin rairayin Dakoro ko Mayahi ba zai biya kuɗin mota daidai da unguwar da ke cikin birni ba. Ƙofa kuma an sa ta ne don tebur a ajin da ba ya kulluwa ba ya daɗewa. Gudummawar gari ba lallai ta zama tsabar kuɗi ba. Yashi, tsakuwa, ruwan gini, amalanke da aikin gayya duk ana ƙiyasta su a rubuta. Sai dai kada ku yi alkawarin abin da ba za ku iya ba. Lokacin tara kuɗi shi ne bayan kaka, ba tsakiyar damina ba, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa kuma kowa yana gona.

Idan kuɗin ya zo

A sa shi a asusun kwamiti a banki ko asusun ajiya da lamuni, wanda ba a cire kuɗi sai da sa hannun mutum biyu, galibi shugaba da ma'aji. A kira taro a faɗi adadin, a rubuta shi a allo. Ma'aji ya ja layi biyar a kaye: rana, bayani, shiga, fita, saura. Kowace fita da takardar shaidar biya. Idan mai amalanke ba shi da takarda, a rubuta masa, ya dangwala yatsa a gaban shaida.

Kuɗin tebur na tebur ne. Ko iska ta yaye rufin aji, ba a karkatar da shi sai an rubuta wa mai tallafi ya amince a rubuce. Ba a ranta wa kowa, ko da da niyyar mayarwa ranar kasuwa. Kada a biya magini ko kafinta duka tun farko. A raba biyan kashi-kashi bisa ci gaban aiki, a riƙe na ƙarshe sai an duba. A tebur, ku duba walda da kaurin katako. A gini, ku ƙirga buhunan siminti da idonku, ku tabbata ana shayar da bulo kwanaki a jere, domin wanda ya bushe da sauri a zafin bazara murmushewa yake. Da aikin ya ƙare, a aika da rahoto da hotuna da kwafin takardun biya kafin ranar da aka tsayar. Masu tallafi suna tambayar juna, kuma kwamitin da bai rufe lissafin farko ba ba ya ganin na biyu.

Wani gargaɗi: duk wanda ya kira ku ko ya aiko da saƙo a WhatsApp cewa an zaɓi lakwal ɗinku, amma sai kun tura kuɗin buɗe takarda ta waya, kada ku tura. Ku kai lambar wurin sufeto ko ma'aikatar magajin gari a bincika.

Aikin aji

1. Mai walda ya ce taga ɗaya dala dubu uku. Rubuta farashin da jikka, sannan da sefa. Nawa ne kuɗin taga 4?
2. Yara 45 suna zaune a ƙasa. Tebur nawa ake buƙata?
3. Ku rabu uku-uku, ku ziyarci lakwal ɗin unguwarku, ku ƙirgo yara, azuzuwa da makewayi, ku kawo a zama na gaba.