Yadda ake sanyaya jikin ɓera da yi masa ƙarin ruwa bayan zubar jini mai tsanani a ɗakin bincike

A asibiti, idan aka kawo mai rauni jikinsa ya yi sanyi, jininsa ya yi tsami kuma ya ƙi daskarewa, likita ya san rai na cikin haɗari. Duk da haka, gwaje-gwajen da aka yi a kan ɓeraye a cibiyar Safar da ke Pittsburgh a Amurka sun nuna cewa sauke zafin jiki da gangan zuwa wajen digiri 34 yana taimaka wa dabbar da ta zubar da jini ta rayu. Ɗaya daga cikin dalilan da ake bayarwa shi ne duk digiri 1 da aka sauke yana rage buƙatar iskar oksijin da kusan kashi 6 cikin 100. Jikin da ya yi sanyi don ƙarfinsa ya ƙare daban yake da wanda aka sanyaya ana lura, kuma duk aikin ya dogara ne a kan riƙe wannan bambanci.

Kafin a taɓa dabba sai an samu amincewar kwamitin kula da haƙƙin dabbobin bincike. A auna nauyin ɓeran: mai giram 300 yana da jini wajen mililita 19. A sa shi barci da isoflurane, kashi 4 zuwa 5 cikin 100 da farko, sannan a sauko zuwa 1.5 ko 2, a kuma ba shi maganin kashe zafi kafin a tsaga fata. A matsematsinsa ake zura siririyar roba, irin PE-50, guda biyu: ɗaya a jijiyar da ke kawo jini daga zuciya, don auna matsin jini da zuƙe shi, ɗaya a jijiyar da ke mayar da jini, don ƙarin ruwa. A sa ma'aunin zafi a dubura, a kwantar da shi kan shimfiɗa mai ɗumi har ya tsaya a digiri 37, a bar shi ya natsu na minti 20 kafin a ɗauki awon farko.

Hanyar da aka fi bi wajen ɗibar jini ita ce ta wani mai bincike, Wiggers, wanda ya tsara ta a kan karnuka: a riƙa zuƙa a hankali na minti 10 zuwa 15 har matsakaicin matsin jini ya sauka zuwa 35 ko 40 mmHg, a riƙe shi a nan na minti 60. Fizgar jinin da sauri tana iya tsayar da zuciya nan take. A rage isoflurane yayin da jini ke raguwa, domin shi kansa yana sauke matsin jini, amma kada a bari dabbar ta kusa farkawa. Idan daskarewar jini ake nazari, heparin, maganin hana jini daskarewa, a cikin sirinji zai ɓata sakamakon.

Sanyayawa tana farawa ne bayan jini ya zuba, kamar yadda abin yake a zahiri. A kashe shimfiɗar, a shafa sifirit a fatar cikinsa da aka aske, a kunna ƙaramar fanka. Da zarar ma'auni ya nuna 35 a dakata, domin zafin zai ci gaba da sauka da kansa, kuma awon dubura yana makara. Kada a ɗora ƙanƙara kai tsaye a fata. Idan dabbar ta fara karkarwa, amfanin ya tafi, saboda tsokoki suna cinye oksijin ɗin da ake son tanadi. Ƙasa da digiri 30 kuwa bugun zuciya ya fara rikicewa.

Inda aka fi yin sake shi ne rukunin ɓerayen da ba a sanyaya ba, wanda ake kwatanta waɗanda aka sanyaya da shi. Ɓeran da ke barci kuma ya zubar da jini yana hucewa da sauri ko ba a yi masa komai ba, don haka sai an tsaya a kansa ana ɗumama shi. In ba haka ba, an kwatanta sanyi da sanyi, an kuma salwantar da dabbobi a banza.

Ruwan Ringer mai laktet, wani ruwan asibiti da ake ƙarawa ta jijiya, ake bayarwa ninki uku na jinin da aka ɗiba, domin yawancinsa yana fita daga jijiyoyi ya shiga nama. Idan an zuƙe mililita 8, sai a ba da 24, da injin tura sirinji, cikin minti 30 ko fiye. A ɗumama ruwan daidai da zafin da ake son rukunin ya tsaya: wannan adadin, in aka ba da shi da sanyin ɗaki, ya isa ya sauke zafin ɓera da fiye da digiri 1. Ruwan gishiri zalla mai yawa yana ƙara tsamin jini saboda yawan sinadarin kuloraid da ke cikin gishirin. A gwajin da jinin ke zuba ba a tsayar ba, kamar na yanke jela, ruwa kaɗan ake bayarwa, a riƙe matsin jini a ƙasa har sai an ɗaure jijiyar, domin ɗaga shi yana ture gudan jinin da ya toshe raunin, ya kuma tsinka sauran.

A riƙa auna laktet, wanda ke ƙaruwa idan oksijin ya yi ƙaranci a jiki, da fotasiyam da suga a cikin jini. A lura cewa na'urar gwajin daskarewa tana ɗumama jini zuwa digiri 37, saboda haka tana iya nuna lafiya lau alhali a jikin dabbar jinin bai daskarewa yadda ya kamata. Ɗumamawa a hankali ake yin ta: gaggawa tana buɗe jijiyoyin fata, matsin jini ya faɗi, fotasiyam ya hau. Dabbar da za a farkar a ci gaba da ba ta maganin zafi, wadda kuma ta kai alamomin wahala da kwamiti ya gindaya a kawo ƙarshen ranta tana cikin barci ba tare da jinkiri ba.