Daga Connery zuwa Craig: kurakuran da ake tafkawa wajen kwatanta fitowar farko ta James Bond

Musun ba ya ƙarewa. Duk inda masu kallon fina-finan 007 suka haɗu, sai wani ya jefo tambayar nan: a cikin jaruman da suka hau kan James Bond, wane ne ya fi iya shigowa? Kafin ka ankara an rabu gida biyu, dattawa suna Connery, samari suna Craig, can gefe kuma akwai mutum ɗaya da ya rantse da Brosnan saboda shi ya fara gani a kaset. Na sha zama a irin wannan majalisa, kuma abin da na lura shi ne yawancin gardamar a kan kuskure ake gina ta tun daga tushe.

Mu fara da wanda ya fi sauƙin gyarawa, wato cewa Sean Connery ne mutum na farko da ya fara fitowa a matsayin Bond. A sinima, haka ne. Amma shekara takwas kafin Dr. No, fim ɗinsa na farko a matsayin Bond, wato a 1954, gidan talabijin na CBS a Amurka ya nuna Casino Royale kai tsaye, kuma Ba'amurke ne, Barry Nelson, ya fito a matsayin Bond, har ana kiransa Jimmy. Akwai kuma David Niven a fim ɗin barkwanci na 1967. Saboda haka kafin a fara musu a yanka iyaka: mutum shida na kamfanin Eon ake nufi, Connery, Lazenby, Moore, Dalton, Brosnan da Craig. In ba a yi haka ba, wani zai ɗauko Never Say Never Again na 1983 ya dagula lissafi, domin Connery ne a ciki amma ba Eon ne ya shirya shi ba.

Ko a cikin Dr. No ɗin ma akwai tarko. Mutumin nan da ake hangowa ta cikin bututun bindiga a farkon fim, yana tafiya da hula, ya juyo ya yi harbi jini ya gangaro, ba Connery ba ne. Sunansa Bob Simmons, mai yin wasan kasada a madadin jarumai. Shi ne a fina-finai uku na farko. Sai a Thunderball, 1965, Connery ya taka wannan takun da ƙafarsa. Wanda ya ce maka tafiyar Connery a buɗe Dr. No ta burge shi, tafiyar wani yake yabo.

Wannan ya kai mu ga babban kuskuren, wanda duk sauran suka rataya a jikinsa: a ba jarumi ladan aikin da ba nasa ba. Fitowar farko aikin darakta ce da marubuci da mai kyamara da mai kiɗa. Jarumi nasa kaɗan ne, amma kaɗan ɗin nan shi ya kamata a auna.

Ɗauki Connery a 1962. Gidan caca ne a Landan, ana buga karta. Darakta Terence Young ya ƙi nuna mana fuskarsa. Hannu muke gani yana jefa karta, sai ƙeya, sai kafaɗa, sai gwangwanin sigari. Kyamara tana kan matar da ke gabansa, Sylvia Trench, wadda ke ta asarar kuɗi tana ƙara zubawa. Ya tambaye ta suna, ta ce "Trench, Sylvia Trench." Sai ita ma ta mayar masa da tambayar. A nan ne kyamara ta hau fuskarsa, sigari a leɓe, yana kunnawa, ya ce "Bond, James Bond," kiɗan nan ya taso. Mutane da yawa ba su lura ba cewa salon faɗin sunan na matar ne, shi kwaikwayonta ya yi cikin zolaya. To a nan me ya rage na Connery? Nauyin fatar idonsa, da yadda bai yi gaggawa ba, da yadda ya bar sunan ya fito kamar ya gaji da faɗinsa. Daƙiƙu ne ƙalilan, kuma sun isa. Amma ɓoye fuskar da jan ran duk na Young ne.

Yanzu ɗauki Pierce Brosnan a GoldenEye, 1995. Kowa abin da yake tunawa shi ne tsallen nan daga saman dam, mutum ya ɗaura igiya mai talewa a ƙafa ya saki jiki cikin rami mai zurfin mita 220. An ɗauke shi a madatsar ruwa ta Verzasca a Suwizalan, ko da yake a labarin ana nufin wata masana'antar makamai masu guba ce a Tarayyar Sobiyet. Wanda ya yi tsallen Wayne Michaels ne. Brosnan kuwa, farkon ganin da muka yi wa cikakkiyar fuskarsa a banɗaki ne, kansa a ƙasa ƙafa a sama, ya leƙo wani sojan Rasha da ke zaune yana karanta jarida, ya ba shi haƙurin rashin ƙwanƙwasa ƙofa sannan ya kai masa naushi. In za ka ba Brosnan maki, a banɗakin nan za ka ba shi. Kuma ya ci, domin ba kowa ne zai fito a juye ya kuma riƙe kwarjininsa ba. Gyaran dai shi ne: duk fitowar da kake yabo, tsayar da fim ɗin ka tambayi kanka, a daidai nan fuskar wa nake gani?

Wani kuskuren shi ne a jera su shida kamar 'yan tsere da suka tashi daga layi ɗaya. Ai ba jarrabawa ɗaya aka yi musu ba. Connery ba shi da wanda zai gada, babu mai cewa na baya ya fi. Duk wanda ya biyo shi kuwa, fitowarsa amsa ce ga wata fargaba da furodusoshi ke da ita a wannan shekarar.

Babu wanda wannan ya fi cuta kamar George Lazenby. Ɗan Ostireliya ne, mai tallan kaya, bai taɓa jan fim ba, aka ɗora masa rawanin Connery a On Her Majesty's Secret Service, 1969. Tsoron da ya kama furodusoshin, Albert Broccoli da Harry Saltzman, a bayyane yake a kowane lungu na fim ɗin. An sake dabarar ɓoye fuska: mota Aston Martin a hanyar bakin teku a Fotugal, hula, haɓa, hannu yana kunna sigari. Ya hango mace tana shiga teku za ta hallaka kanta, ya ruga ya ciro ta, ya faɗi sunansa, 'yan daba suka far masa. Yana gamawa da su ya tarar ta gudu ta bar masa takalmanta. Sai ya ɗaga takalman ya ce, wannan bai taɓa faruwa da ɗaya mutumin ba. Ɗaya mutumin, wato Connery. Daga nan aka shiga rubutun sunaye, aka riƙa gilma hotunan fina-finan baya. Can gaba ma an nuna shi a ofis yana ciro tsofaffin kayan aikin Connery daga aljihun tebur. Kowane minti ana tuna wa mai kallo wanda ba ya nan. Wa zai yi kyau a haka? In ka cire wannan nauyin ka dubi abin da Lazenby ya yi da jikinsa, faɗan bakin tekun nan ya fi duk wani faɗa da Connery ya yi a Dr. No zafi. Inda ya gaza a murya ne da furuci, kuma wannan gaskiya ce da masoyansa ba sa son ji.

Af, kuma ba korarsa aka yi ba, kamar yadda ake yawan faɗa. Shi ya ce ba zai ƙara ba, tun kafin fim ɗin ya fita, bisa shawarar da aka ba shi cewa zamanin Bond ya wuce. Kowa ya san yadda wannan hasashen ya ƙare.

Da Roger Moore ya zo a Live and Let Die, 1973, an koyi darasi, sai aka yi akasin haka. Shi ya sa masu cewa shigowarsa ta fi ta kowa lami suke kuskure wurin auna ta. Gaskiya ne ba ya cikin ɓangaren da ke gaban rubutun sunaye kwata-kwata. A can ana kashe jami'an Birtaniya uku ne, ɗaya a New York, ɗaya a New Orleans, ɗaya a wani tsibiri. Shi sai daga baya muka same shi a gidansa da asuba, shugabansa M ya buga ƙofa, yana ta ƙoƙarin ɓoye wata baƙuwa 'yar Italiya, yana haɗa wa M kofi da wata na'ura mai tarkace. Babu jan rai, babu ɓoye fuska. Me za a ɓoye? Duniya ta riga ta san fuskar Moore daga shirin talabijin na The Saint da ya shekara bakwai yana yi. An so ne mai kallo ya ji kamar dama can shi ne Bond. An kuma raba shi da kayan Connery da gangan: babu hula a cikin bututun bindiga, sigarinsa mai kauri ne, abin shansa daban. Wanda ya zo neman tsalle daga dutse a nan, ya zo neman abin da aka yi niyyar hana shi.

Akwai wani kuskure ƙarami da ke tafe da wannan: wai an kawo Moore ne don a samu matashi. Moore ya girmi Connery da kusan shekara uku. Yana da 45 lokacin da ya fara, Connery kuwa 32. Lazenby ne ƙaraminsu, yana da 29 lokacin ɗaukar fim.

Timothy Dalton shi ne wanda ake tsallakewa a musu, kuma ni a ganina tasa ce ta fi tsari a cikin shidan. The Living Daylights, 1987, darakta John Glen. Jami'ai uku masu lambar 00, wato masu izinin kisa irin Bond, sun diro da laima a kan dutsen Jibralta don atisaye. Ba ka san wane ne naka ba. Aka cire na farko daga wasan, aka yanke igiyar na biyu ya faɗo da gaske yana ihu. Ihun nan ne ya sa na ukun ya waiwayo, kyamara ta same shi, iska tana kaɗa gashinsa, babu murmushi ko ɗaya. Bayan shekara goma sha biyu ana raha da ɗaga gira irin na Moore, waiwayen nan kaɗai ya shaida maka an canza hannu. Kuskuren da ake yi masa shi ne a auna shi da abin da ya biyo baya, inda ya sauka a jirgin ruwan wata mata mai neman abokin hira. Wannan wurin ɗinkin wani ne aka sa masa, kuma ana ganin rigar ba ta zauna ba. Sunan nasa ma a gurguje ya faɗe shi, kamar mai sauri ya koma bakin aiki. Dama Brosnan aka fara zaɓa a 1986, sai kwantiraginsa na shirin Remington Steele ya riƙe shi. Abin dariya, tsallen dam ɗin GoldenEye a labari an ce ya faru ne shekara tara kafin sauran fim ɗin, wato 1986, shekarar da kujerar ta kuɓuce masa.

Sai Daniel Craig, wanda kuskuren da ake yi a kansa iri biyu ne. Na farko ya riga ya mutu, amma yana da kyau a tuna shi: a Oktoban 2005 aka gabatar da shi ga 'yan jarida, ya iso ta kogin Thames a jirgin sojan ruwa sanye da rigar hana nutsewa, jaridu suka yi masa ca, wai gashinsa ruwan zinare ne, wai ba shi da tsayi. An yanke hukunci shekara guda kafin kowa ya ga fim. Na biyun shi ne wanda har yanzu ake yi: a ɗauka Casino Royale na 2006 ci gaban fina-finan Brosnan ne. Abin da ke rikita mutane shi ne Judi Dench, wadda ta zama M tun GoldenEye kuma aka bar ta. Amma labarin sabo ne fil, an koma littafin farko na Ian Fleming, marubucin da ya ƙirƙiri Bond, na 1953, kuma Bond ɗin da muka tarar bai ma samu lambar 00 ba tukuna. Darakta Martin Campbell, wanda shi ne dai ya shigo da Brosnan, ya buɗe da hoto baƙi da fari a birnin Prague. Craig na zaune cikin duhu a ofishin wani jami'i maci amana, yana jiransa. Ana hira a natse, ana yanko mana kisansa na farko a wani banɗaki, kisa mai muni, da fasa tangaran da danna kai cikin ruwa. Na biyun kuwa harsashi ɗaya ne, mutumin bai ƙarasa maganarsa ba. Sai aka koma banɗakin, wanda ake zaton ya mutu ya zabura, Craig ya juyo ya harba, kuma a nan ne bututun bindigar ya bayyana, ba a farkon fim ba kamar yadda aka saba.

Mai kwatanta wannan da teburin kartar Connery ya ce Craig ba shi da laushi, ya manta cewa Connery cikakken Bond aka ba mu, Craig kuwa ɗanye aka kawo shi da niyya. Kwat ɗin dare sai tsakiyar fim ya sa ta. Cikakken kiɗan 007 an riƙe shi. "Bond, James Bond" ɗin ma an hana shi faɗa fiye da awa biyu, har sai a minti na ƙarshe, a bakin tafkin Como a Italiya, bayan ya harbi Mista White, ɗaya daga cikin miyagun fim ɗin, a ƙafa, mutumin yana jan ciki a kan matakala, shi kuma ya tako a hankali da bindiga a hannu ya tsaya a kansa. Abin da Connery ya samu kusan farkon fim ɗinsa, Craig sai da aka kusa kunna fitilar sinima ya same shi.